Wane direba da wane allon sarrafawa ya dace da motocin NEMA 23 a ƙaramin injin CNC?

Mai Sassaƙa ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, domin na kai wani wuri na tsaya cak, kuma ba na son in ƙara sayen kayan da zan zo daga baya in zuba a kwali in ajiye.

Wata huɗu ke nan ina harhaɗa ƙaramin injin CNC (wato injin da kwamfuta ke sarrafawa) na sassaƙa katako a duk lokacin da na samu sarari. Filin aikinsa santimita 60 ne a faɗi, 90 a tsawo. Na gama ƙarafunan jikinsa da alminiyum, na ɗaura sandunan zare masu boris samfurin SFU1605 a dukkan layukan tafiyarsa uku (X da Y da Z), wato kowane juyi ɗaya na sanda yana tura kan injin milimita 5. Layin Y sanduna biyu ne, ɗaya a kowane gefe, saboda haka motocin sitefa (motocin lantarki masu juyawa taku-taku) huɗu nake da su: ɗaya a X, biyu a Y, ɗaya a Z. Dukkansu NEMA 23 ne (sunan girman jikin motar ke nan) masu waya huɗu, kuma abin da takardarsu ta nuna shi ne digiri 1.8 a kowane taku, amfiya 2.8, indoktans 2.5 mH, ƙarfin riƙo kuma 1.26 Nm.

Ina da allon sarrafawa na Arduino Uno da allon CNC Shield da ake ɗora masa da ƙananan direbobin DRV8825 (direba shi ne na'urar da ke ba mota wuta taku-taku) guda huɗu da suka rage mini daga wani aiki na baya, sai na ce bari in gwada da su a kan wuta mai bolt 24. Da farko komai ya yi kyau, har na yi murna. Amma da na sa shi ya yanka da'ira a kan filawud, bayan kamar minti goma sai motar X ta ɗan tsaya na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ta ci gaba kamar ba abin da ya faru, alhali bakin yankan ya riga ya kauce daga layinsa. Da na ɗauko katakon sai na ga da'irar ba ta haɗu ba, akwai tazarar kusan rabin yatsa tsakanin farkonta da ƙarshenta. Na taɓa ƙarfen sanyaya da ke kan direban, na janye hannuna da sauri saboda zafi. Matsala ta biyu kuma, idan na ɗaga gudun tafiyar da ba yanka a cikinta, motar sai ta yi wani ƙara mai tsini, sandar ta tsaya, ita kuma kwamfuta tana ci gaba da ƙirga kamar ana tafiya.

Tambayoyina uku ne. Na farko, tsakanin TB6600 da DM542 da TMC2209 da nake yawan ganin ana ambata, wanne ne ya dace da waɗannan motoci? Na biyu, in ci gaba da manhajar GRBL a kan Uno, ko dole sai na koma Mach3 ko wani abu mai kama da shi? Na uku, bolt 24 ya isa, ko in ƙara? Niyyata ita ce katako da roba mai tauri, sai kuma alminiyum mai laushi jefi-jefi idan injin ya yarda. Na gode ƙwarai.

Tsohon Makaniki ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Sassaƙa. Ka kyauta da ka kawo lambobin da ke takardar motar, domin daga nan ake fara lissafi, ba daga sunan direba ba. Mutane da yawa sukan fara sayen allo da direbobi, sannan su zo suna neman motar da za ta yarda da su, kai kuwa motocinka da sandunanka suna hannu, abin da ya rage shi ne a ba su abin da suke bukata.

Matsaloli biyun da ka ambata ba tushensu ɗaya ba, kuma yana da kyau ka raba su a ranka. Tsayawar da motar X ta yi bayan minti goma zafi ne ya jawo ta. DRV8825 yana da kariya a cikinsa wadda ke kashe shi idan ya yi zafi fiye da kima, in ya ɗan huce kuma ya tashi da kansa, shi ya sa ka ga ta tsaya sannan ta ci gaba. Wannan ƙaramin allo yana iya ɗaukar kusan amfiya 1.5 ba tare da ƙarin sanyaya ba, da ƙarfen sanyaya da fanka kuma ya kai wajen 2.2, motarka kuwa 2.8 take nema. Ko dai ka rage masa wuta motar ta rasa wani kaso na ƙarfinta, ko ka ƙure shi ya riƙa sumewa a tsakiyar aiki. A4988 ma ya fi shi rauni, don kusan amfiya 1 yake ɗauka cikin natsuwa. An yi waɗannan ne domin ƙananan motocin NEMA 17 irin na injin buga abubuwa masu siffa uku, kuma a can suna aikinsu lafiya lau. TMC2209 ya yi fice wajen rashin ƙara, amma iyakarsa kusan amfiya 2 ce, kuma ba ya wuce bolt 29, don haka shi ma ka cire shi daga lissafin wannan injin.

Matsala ta biyu, wato ƙaran da motar ke yi ta tsaya idan ka ɗaga gudu, ta ƙarfin wuta ce, kuma a nan ne na fi son ka natsu. Ƙarfin murɗawar motar sitefa yana bin yawan amfiyar da ke cikin kwayil ɗinta. Kwayil kuwa ba ya karɓar wuta nan take, yana jan lokaci kafin ya cika, kuma indoktans shi ne ma'aunin wannan jinkiri. Idan motar na tafiya a hankali, kowane taku yana da isasshen lokacin da kwayil zai cika kafin a juya wutar zuwa na gaba. Da gudu ya ƙaru, lokacin kowane taku sai ya ragu, har a kai inda ake juya wutar tun kwayil bai kai rabi ba, ga kuma wutar da motar kanta ke haifarwa tana tura ta baya yayin da take juyawa. Ƙarfin sai ya yi ta zubewa har nauyin kan injin ya rinjaye shi. Abin da ke tura wuta cikin kwayil da sauri shi ne bolt mai yawa. Kada ƙaramar lambar bolt da ake rubutawa a jikin motar ta ruɗe ka, irin 2.5 ko 3, domin direban zamani yana kunna wutar yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda don ya tsayar da amfiyar a inda ka saita, komai yawan bolt ɗin da ka ba shi.

Akwai ƙa'idar da kamfanin Geckodrive ya yaɗa wadda na daɗe ina aiki da ita: ka ɗauki tushen murabba'in indoktans a mH, ka ninka da 32, abin da ya fito shi ne iyakar bolt ɗin da motar za ta amfana da shi ba tare da ta yi zafin banza ba. Tushen 2.5 kusan 1.58 ne, idan ka ninka da 32 za ka samu kusan 50. Ka ga ke nan bolt 24 bai kai rabin abin da motocinka za su iya ci ba.

Dangane da direba, ni DM542 zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Yana karɓar bolt 20 zuwa 50, yana ba da har amfiya 4.2 a ƙololuwa, ƙofofin siginarsa a ware suke daga ɓangaren wuta mai ƙarfi ta hanyar haske, kuma yana da dabarar rage girgizar da motocin sitefa ke yi a matsakaicin gudu, wadda takan sa mota ta tsaya ko da ba nauyi a kanta. Idan ka saurari mota ɗaya a kan direbobin biyu, kunnenka kaɗai zai gaya maka bambancin. Akwatunan da ake rubuta wa TB6600 za su juya motocinka, ban ce ba za su yi ba, amma da yawa daga cikinsu idan ka buɗe murfin za ka tarar aisin (ƙaramin guntun lantarkin) da ke ciki ba TB6600HG na Toshiba ba ne, wani ƙaninsa ne mai suna TB67S109, kuma amfiya 4 da aka buga a jikin akwatin ba abin da zai jure a dogon aiki ba ne. Iyakarsu kuma wajen bolt 40 ce. DM556 yayan DM542 ne, yana kai amfiya 5.6, kuma yana da amfani idan kana tunanin sauya motoci zuwa manya nan gaba.

Game da akwatin wuta, ina ba ka shawarar bolt 36. Na san lissafin ya nuna 50, kuma wasu za su ce ka sa 48, amma 48 ya matsa kusa da iyakar direban, kuma duk lokacin da kan injin ya rage gudu da sauri motocin kan mayar da wuta baya, bolt ɗin ya ɗan haura na ɗan lokaci. Idan ka nace wa 48, to ka murɗa ɗan sukurun saiti da ke jikin akwatin ka sauko da shi zuwa wajen 44 ko 45. Ba sai ka tara amfiyar motocin duka ba wajen zaɓen girman akwatin, kashi biyu cikin uku na jimillar ya wadatar. Huɗu sau 2.8 ya ba da 11.2, kashi biyu cikin uku kuma kusan 7.5, don haka mai bolt 36 da amfiya 10 ya ishe ka har da rara. Kowane direba ka ja masa wayoyinsa biyu kai tsaye daga akwatin, kada ka jera su ɗaya na shan wuta daga bayan ɗaya.

Ɗan Lantarki ya amsa:

Malam Tsohon Makaniki ya gama magana a kan direba, ba ni da abin ƙarawa sai goyon baya. Ni zan taɓa tambaya ta biyu, domin a nan ne mutane suke kashe kuɗi da lokaci a kan abin da ba shi ne matsalarsu ba.

Aikin allon sarrafawa shi ne ya karanta umarnin G-code (rubutaccen umarnin yanka da kwamfuta ke aiko masa), ya tsara tashi da saukar gudu, sannan ya aika wa kowane direba sigina biyu, ɗaya na taku, ɗaya na alkibla. Saboda haka tambayar farko ita ce bugu nawa yake iya fitarwa a daƙiƙa, kuma nawa injinka yake bukata. GRBL a kan Uno, mai aisin ATmega328P da ke gudu a 16 MHz, yana kai wajen bugu 30,000 a daƙiƙa. Motarka taku 200 take yi a juyi ɗaya. Idan ka raba kowane taku gida 8, juyi ɗaya ya zama bugu 1,600, ka raba da milimita 5 na sandarka, ka samu bugu 320 a kowace milimita. Raba 30,000 da 320, za ka ga kusan milimita 94 a daƙiƙa, wato sama da milimita 5,600 a minti, kuma wannan yana nufin motar na juyi fiye da 1,100 a minti, inda ƙarfinta ya riga ya ragu sosai. A taƙaice motar ce za ta gaji kafin Uno ya gaji. Amma idan ka raba gida 16, iyakar ta sauko wajen 2,800 a minti, a gida 32 kuma wajen 1,400, kuma a nan ne za ka ji kamar allon ne ya gaza, alhali saitinka ne ya shaƙe shi.

Mutane suna son raba taku da yawa saboda suna zaton daidaito suke ƙarawa. Abin da rabawar ke kawowa a zahiri shi ne laushin tafiya da raguwar ƙara. Ƙarfin da ke riƙe mota a kan ƙaramin taku ɗaya kaɗan ne: a gida 8 kusan kashi 20 cikin ɗari na cikakken ƙarfin riƙo, a gida 16 ƙasa da kashi 10. Ma'ana, idan bakin yanka ya ci karo da katako mai tauri, motar tana iya jinkirta da 'yan ƙananan taku kafin ta tara ƙarfin da zai motsa ta. Ba ta ɓata wurinta ba, amma lambobin da kake gani a allon kwamfuta sun fi abin da ƙarfen ke yi kyau. Ka tuna cikakken taku ɗaya a sandarka milimita 0.025 ne, wanda ya riga ya fi abin da katako zai iya nunawa. Gida 8 ya wadatar.

Don haka ra'ayina shi ne Uno zai iya tafiyar da injinka a yau. Ka cire ƙananan direbobin daga Shield ɗin, ka ɗauki siginar taku da alkibla da wayar ƙasa (GND) daga filoginsa zuwa ƙofofin PUL (taku) da DIR (alkibla) na DM542. Siginarsa bolt 5 ce, daidai da abin da direban ke so. A saitunan GRBL, ka saita $100 da $101 da $102 (bugu a kowace milimita) zuwa 320, ka bar $0 a 10, domin direban yana bukatar bugu mai tsawon aƙalla mikrosakan 2.5 kuma 10 ya ba shi sarari. Ka fara da ƙaramin gudu a $110 zuwa $112, da ƙaramin hanzari a $120 zuwa $122, ka riƙa ɗagawa har motar ta tsaya, sannan ka sauko da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ka bar shi a nan.

Inda Uno zai takura ka shi ne motocin Y biyu. A kan Shield, a saitin da aka saba, layin na huɗu kwafi ne kawai, sigina ɗaya ke zuwa wa motocin biyu, don haka idan gefe ɗaya ya zame da milimita ɗaya, gadar injin (ƙarfen da ke ɗauke da kan yanka) za ta karkace kuma ta ci gaba da tafiya a karkace har sai ka kashe wuta ka murɗa sandar da hannu. Alluna masu 32-bit da ke ɗauke da manhajar grblHAL, ko masu aisin ESP32 da manhajar FluidNC, suna ba kowace mota siginarta da makunnin iyakarta, ta yadda duk lokacin da injin ya koma mafarinsa kowane gefe zai tsaya a kan nasa makunnin, gadar ta miƙe da kanta. Ga mai sanduna biyu irinka wannan babban abu ne, kuma manhajojin aika aiki da ka saba da su a GRBL yawancinsu za su ci gaba da yi maka aiki. Abu guda da za ka duba kafin saye shi ne ko allon yana fitar da sigina mai bolt 5, domin ESP32 shi kansa 3.3 yake bayarwa, kuma wannan yakan yi wa ƙofofin direba kaɗan, sai ka ga yau ya yi gobe ya ƙi.

Mach3 kuwa tsohuwar manhaja ce da ta yi wa mutane hidima shekaru da yawa, amma hanyarta ta asali tana bukatar kwamfuta mai tsohuwar ƙofar firinta da Windows mai 32-bit. In ba haka ba sai ka ƙara na'urar tsakani irin UC100 ko Ethernet SmoothStepper. LinuxCNC da katin Mesa ya fi duk waɗannan zurfi, kuma shi zan nuna wa mai son sauya bakin yanka ta atomatik ko yanka zare a kan ƙarfe, amma koyonsa yana cin lokaci, kuma ban ga abin da aikinka na yanzu zai ƙaru da shi ba.

Mai Sassaƙa ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Malamai. Yanzu na gane cewa matsaloli biyu nake fama da su ina ɗaukarsu ɗaya. Na koma na duba ƙananan filogin da ke ƙarƙashin direbobin, sai na tarar duka ukun a sanye suke, wato a gida 32 nake tafiya ban sani ba, ni kuwa ina ta ɗaga lambar gudu ina jin haushin motar. Na yanke shawarar DM542 huɗu da akwatin wuta mai bolt 36, zan fara da Uno ɗin da ke hannuna, in injin ya tsaya da ƙafarsa sai in koma allo mai 32-bit saboda miƙe gadar.

Saura abu biyu. Na duba hoton teburin da ke jikin DM542, na ga lambobin amfiya layi biyu ne, ɗaya na ƙololuwa ɗaya na RMS, ban san da wanne zan gwada 2.8 ɗina ba. Sannan wani ya ce mini in bar wannan wahala duka in sayi motoci masu na'urar lura da juyi a bayansu, wai su ba sa ɓatar da taku ko kaɗan. Gaskiya ne?

Mai Walda ya amsa:

Ɗan'uwa, kafin manya su amsa maka batun tebur, bari in kawo abin da ba a taɓa ba tukuna, domin ni a nan na sha wuya, kuma direbobina da allona duk masu kyau ne a lokacin.

Injina ya yi wata biyu yana aiki lafiya da ƙaramin injin gyaran gefen katako a matsayin abin yanka. Ranar da na sauya zuwa sifindil mai inbata, wato motar yanka mai na'urar da ke sarrafa gudunta, komai ya rikice. Da zarar na kunna shi sai injin ya tsaya ya ce an taɓa makunnin iyaka, alhali kan yana tsakiyar tebur, wani lokaci kuma kwamfuta ta daina ganin allon gaba ɗaya a tsakiyar aikin awa biyu. Na sauya allo, na sauya kwamfuta, abin bai daina ba. Da na buɗe bututun da wayoyi ke bi sai na ga laifina da idona: wayar sifindil mai kauri da siraran wayoyin makunnan iyaka suna kwance jiki da jiki na tsawon fiye da mita biyu, babu mai rigar kariya ko ɗaya a cikinsu. Inbata tana yanka wuta da sauri sosai, kuma hayaniyar da take fitarwa tana shiga duk wata siririyar waya da ke kusa.

Abin da ya warkar da shi bai da yawa. Na sa waya mai rigar ƙarfe tsakanin inbata da sifindil, na haɗa rigar da ƙasa. Na raba hanyar wayoyin sigina da ta wayoyin wuta, inda dole su haɗu kuma na sa suka gitta juna maimakon su jera. Na tara dukkan wayoyin ƙasa a kan ƙusa ɗaya a jikin akwatin. Makunnan iyaka na mayar da su irin waɗanda suke a rufe kullum sai an taɓa su buɗe, wanda ya fi jure hayaniya, kuma idan waya ta tsinke injin zai tsaya maimakon ya ci gaba a makance. Wayar USB na sauya ta da gajeriya mai zoben ferayit. Saboda wannan ne nake ɗan saɓa wa Malam Ɗan Lantarki a kan Uno: lissafinsa daidai ne, amma ƙofofin Uno a buɗe suke ba wata kariya, kuma idan kana da niyyar sa inbata nan gaba, allo mai ƙofofi a ware, ko mai haɗuwa ta Ethernet, zai hutar da kai da wuri.

Abu biyu kuma da nake roƙon ka kiyaye. Kada ka taɓa cire wayar mota ko ka haɗa ta alhali direba yana da wuta, domin wutar da kwayil zai harbo a wannan lokacin tana ƙona direba nan take, kuma sukurun da bai ɗauru sosai ba a bakin direba yana yin irin wannan ɓarnar a hankali yayin da injin ke girgiza. Sannan maɓallin tsayar da gaggawa ya zama yana yanke wutar motoci da ta sifindil da kansa, kada ya dogara da manhaja, domin ranar da za ka bukace shi wataƙila manhajar ce ta sandare.

Tsohon Makaniki ya sake amsawa:

Maganar Malam Mai Walda gaskiya ce, ka riƙe ta da kyau tun kafin ka ja waya ta farko.

Game da teburin, lambar ƙololuwa ita ce ta RMS da aka ninka da kusan 1.41, wuta ɗaya ce aka auna ta hanya biyu. Wanda ya fi kusa da 2.8 ɗinka a layin RMS shi ne 2.69, wanda yake daidai da 3.76 a ƙololuwa, kuma kada ka wuce nan. Amma ni ba daga nan nake farawa ba. Ka fara da 2.84 na ƙololuwa, wato 2.03 a RMS, ka yi aikin awa ɗaya, ka ga ko akwai taku da ya ɓata. Sandar milimita 5 tana ninka ƙarfin mota ƙwarai, kuma mai yiwuwa ka tarar wannan ya ishe ka a katako. In bai isa ba sai ka hau 3.31, sannan 3.76. Makunnai uku na farko, SW1 zuwa SW3, su ne na amfiya, SW5 zuwa SW8 na raba taku, inda za ka nemi layin 1,600. SW4 kuwa yana rage wutar zuwa kusan rabi idan motar ta tsaya, ka bar shi a haka domin motocin su huce tsakanin aiki, sai dai idan ka ga kan Z yana zamewa ƙasa saboda nauyin sifindil, to wannan ɗaya ka ba shi cikakkiyar wuta. Ka kashe wuta kafin ka taɓa makunnan. Motar sitefa tana zafi a al'adarta, digiri 60 ko 70 a jikinta ba abin tsoro ba ne ko da hannunka ba zai jure ba, amma idan ta doshi 80 ka sauko da mataki ɗaya.

Kafin ka haɗa, ka tabbatar da wayoyin da suke kwayil ɗaya, kada ka dogara da launi domin masu ƙera motoci ba su daidaita a kai ba. Ka sa mita a ma'aunin turjiya, duk wayoyi biyun da suka nuna kusan om 1 tsakaninsu kwayil ɗaya ne, su tafi A+ da A-, sauran biyun B+ da B-. In ba mita a kusa, ka haɗa bakin wayoyi biyu ka murɗa sandar motar da yatsu, idan ta yi tauri to ka samu kwayil. Idan mota ta juya baya, ka gyara a saitin $3 na GRBL, amma a motocin Y da ke shan sigina ɗaya, in ɗaya ce kawai ta saɓa, sai ka musanya wayoyi biyu na kwayil ɗaya a direbanta. Ka gwada su kafin ka ɗaure su da sandunan, domin motoci biyu masu jan gada ɗaya zuwa ɓangarori biyu suna iya lanƙwasa ta.

Motoci masu na'urar lura da juyi suna da kyau, suna tafiya a sanyaye, suna gyara ƙaramin kuskure da kansu, kuma idan abin ya fi ƙarfinsu direban yakan fitar da siginar ƙararrawa da za ka haɗa da allo don aikin ya tsaya kafin katako ya lalace. Amma ba sa ƙirƙiro ƙarfin da babu, kuma ba sa ganin sassaucin da ke cikin notin sanda ko lanƙwasar gada, domin juyin motar kawai suke aunawa. Motocin da ke hannunka ba a taɓa ba su wutar da ta dace da su ba tukuna, don haka ba ka san iyakarsu ba. Ka haɗa direbobin, ka sa alama da fensir a inda kan injin ya tsaya, ka tura shi gaba da baya sau hamsin da cikakken gudu, ka duba ko ya dawo kan alamar, sannan ka sake yanka wannan da'irar a kan filawud ɗin ka faɗa mana yadda bakinta ya haɗu.